NIYYA DA TATTARA HANKALI: ABIN DA MUKA KASA GANI A WURIN MUTANEN INDIYA

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo wani al'amari ne da na tarar a gida, wanda ya fara ba ni dariya, daga baya kuma ya bar ni da jimami.

Sa'ad da na je hutu ƙauyenmu a ƙasar Roni, sai wani ƙanena, ɗan baffana, wanda ke shirin jarrabawar fita sakandare, ya ja ni bayan rumbu ya nuna mini wani zobe mai jan dutse. Ya ce wani mutum ne ya aiko masa da shi, wanda suka haɗu ta wayar salula, wai ya yi shekaru a Indiya yana koyon ilmin rauhanai. Sharaɗin zoben shi ne a sa shi a yatsan hagu, a rufe ido, a ƙudurta abin da ake so a zuci, sa'an nan a shiga ɗakin jarrabawa, amsa za ta riƙa zuwa da kanta. Kuɗin zoben kuwa akuyar mahaifiyarsa ce ta biya shi. Da sakamako ya fito, sai ga shi ya faɗi lissafi da Turanci, lambar mutumin kuma ta daina shiga. Ga akuya ta tafi, ga shekara ta tafi.

Na san da yawa daga cikinku za su ce wauta ce ta yaron ƙauye. To, amma duk wanda ya zauna a ɗakunan kwanan ɗalibai ya san cewa cutar ba ta tsaya a ƙauye ba. Akwai masu neman digiri da ke ɗaure da irin wannan tarkace, akwai kuma ma'aikatan da ke neman ƙarin girma ta wannan hanya. Saboda haka nake ganin ya kamata mu tsaya mu tambayi kanmu: shin mene ne ainihin abin da mabiya addinin Hindu suke koyarwa game da niyya da tattara hankali? Kuma me ya sa muka bar abin da ke cikin zaurenmu muka tafi neman inuwarsa a hannun 'yan damfara?

Bari mu fara da inda muka samo wannan hoto na Indiya. Tun wajen shekarun 1960 finafinan Indiya suka kama zukatan mutanen Arewa, kuma iyayenmu na Kazaure da Ɓaɓura da suka yi zirga-zirga zuwa Kano suna ba da labarin dandazon da akan yi a gidajen silima irin su Plaza da Marhaba da Eldorado. A cikin waɗannan finafinai, kamar Nagin na 1976, akan ga maciji ya rikiɗa ya zama mace, akan ga tsoho mai dogon gemu ya zauna a kan dutse ya rufe ido, sai tsawa ta faɗo. Daga nan aka ɗora tatsuniyar nan da kowane yaro ya sani, wai Indiya ta ci Nijeriya 99 da 1 a wasan ƙwallo domin ƙwallon yana rikiɗa ya zama zaki, alhali kuwa ba a taɓa yin wannan wasa ba. Da haka Indiya ta zauna a zukatanmu a matsayin ƙasar hatsabibai. Yau kuma, da fassarar finafinan zuwa Hausa ta shiga kowace waya, sai hoton ya ƙara kafuwa.

Amma akwai wani Ba'indiye na daban da iyayenmu suka sani ido da ido. A shekarun 1970 da farkon 1980, sa'ad da waɗannan ƙasashe namu suke cikin tsohuwar Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991, makarantun sakandare na Arewa cike suke da malamai 'yan Indiya masu koyar da lissafi da kimiyya, waɗanda yawancinsu suka koma bayan darajar naira ta faɗi daga 1986. Mahaifina ya yi karatu a hannun ɗaya daga cikinsu. Ya ce mini bai taɓa ganin malamin nan ya yi wani abin al'ajabi ba. Abin da ya gani kawai shi ne, kullum kafin gari ya waye fitilar ɗakinsa tana kunne, yana zaune a kan tabarma shiru, bayansa a miƙe, har tsawon rabin sa'a ko fiye, sa'an nan ya tashi ya gyara littattafan yara. Bai taɓa makara ba, kuma bai taɓa mayar da littafi ba tare da jan alƙalami a kowane shafi ba. Yara sun yi ta raɗe-raɗin cewa aljanu yake kira. Ni kuwa ina ganin wannan malami ya fi kusa da gaskiyar koyarwar mutanensa fiye da duk macizan silima.

Ga dalilina. A wurin mabiya Hindu, kalmar da ta yi kusa da niyyarmu ita ce sankalpa, daga harshensu na da, watau Sanskirit. Kafin mutum ya fara wata ibada, ko azumi, ko ziyara, yakan ɗebi ruwa a tafin hannunsa na dama, ya ambaci shekara da wata da rana, ya ambaci wurin da yake, da sunansa da zuriyarsa, ya faɗi abin da zai yi da dalilin yinsa, sa'an nan ya zubar da ruwan. Duba da kyau, za ka ga wannan ya fi kama da rattaba hannu a kan yarjejeniya. Mai yin sankalpa alkawarin abin da shi zai aikata yake ɗauka, ya ɗaure kansa da lokaci da wuri yadda ba zai iya zamewa ba. Mai sayar da zobe ya juya abin baibai, ya mayar da niyya jerin abubuwan da kake so a yi maka.

Haka kuma batun tattara hankali. Littafin da suka fi dogara da shi a wannan fanni shi ne Yoga Sutra na wani malami mai suna Patanjali, wanda ya ƙunshi gajerun jimloli kusan 196. Ya kasa hanyar zuwa matakai 8. Abin mamaki, rufe ido da yin shiru, wanda suke kira dhyana, shi ne mataki na 7. Mataki na farko kame kai ne daga cutar da wani, da ƙarya, da sata, da fasiƙanci, da haɗama. Na biyu tsabta ne, da wadatar zuci, da juriya, da karatu, da miƙa wuya ga wanda suke bauta wa. Sai bayan waɗannan ake zuwa ga daidaita zama, da daidaita numfashi, da janye gaɓoɓi daga abin da ke ɗauke su, da tsayar da hankali a kan abu guda. Ashe ke nan, bisa ƙa'idar littafinsu, ɗalibin da ya shiga jarrabawa da nufin satar amsa ya faɗi tun a matakin farko, balle ya kai na bakwai. Daɗin daɗawa, babi na uku na littafin ya yi magana a kan abubuwan al'ajabi da ake cewa mai wannan horo yana samu, amma ya yi gargaɗi cewa su kansu cikas ne ga mai neman kaiwa ga ƙarshen hanya. Watau abin da 'yan damfara suke talla da shi, shi ne abin da malamin asali ya ce a guje masa.

Wani littafin nasu mai daraja shi ne Bagabad Gita, mai babi 18 da baitoci 700. A babi na 6, ɗalibi Arjuna ya koka wa malaminsa cewa zuciya ba ta zama wuri ɗaya, kama ta yana da wuya kamar kama iska. Maganin da aka ba shi abu biyu ne: yawan maimaita horo, da rage kwaɗayi. Babban darasin littafin baki ɗaya kuwa shi ne mutum ya tsaya a kan aikin da ya wajaba a kansa, kada ya rataya zuciyarsa a kan ribar da zai samu. Mahatma Gandi, wanda ya riƙe wannan littafi a matsayin jagora, ya keɓe kowace Litinin ba ya magana da kowa. Amma shirun nan bai hana shi tashi ba. A ranar 12 ga Maris 1930 ya fita daga Sabarmati da mutum 78, suka taka da ƙafa kimanin mil 240 zuwa Dandi a bakin teku, inda a ranar 6 ga Afrilu ya ɗebi gishiri don karya dokar Turawan Ingila. Niyyarsa ƙafafu gare ta, shi ya sa ta girgiza daula.

A nan na san wani zai ɗaga murya ya ce, "Malam, me ya haɗa Musulmi da littattafan masu bautar gumaka?" Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan kauce mata ba. Ba na kiran kowa ya ɗauki aƙidarsu, ko ya maimaita kalmomin ibadarsu, ko ya zauna gaban abin da suke zama gabansa. Tsakanin tauhidinmu da abin da suka yi imani da shi akwai tazara wadda ladabi ba zai sa mu ɓoye ta ba. Amma sanin abin da wasu mutane suke koyarwa daban, bin su daban. Babban malamin nan Albiruni ya koyi Sanskirit, ya fassara littafin Patanjali ɗin nan zuwa Larabci, ya kuma rubuta littafinsa a kan Indiya wajen shekarar 1030, bai fita daga Musulunci ba. Ƙanena kuwa, wanda bai taɓa jin sunan Patanjali ba, shi ne ya rataya imaninsa a jikin jan dutse. To, wanne ya fi kusa da hallaka a cikin biyun? Rashin sani ya fi dare duhu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, duk wannan da na zayyana muna da shi a gida, cikin tsari wanda ya dace da imaninmu. Yaron da ya zauna a zauren malam a Gwiwa ya fara Ahalari ko Ishmawi, a darasin alwala zai ji cewa niyya farilla ce, kuma mazauninta zuciya. Hadisin da Imamu Buhari ya buɗe littafinsa da shi, wanda kuma Imamu Nawawi ya sa a farkon Arba'una, a kan niyya yake, yana nuna cewa ita ce ma'aunin kowane aiki. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana keɓewa a kogon Hira kafin saukar wahayi, kuma ya bar mana sunnar i'itikafi a goman ƙarshe na Ramalana. Imamu Gazali, wanda ya bar babbar kujerar koyarwa a Bagadaza a 1095 domin ya binciki zuciyarsa ya ga neman suna ya gauraya da koyarwarsa, ya ware littafi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin a kan niyya da ihlasi, wani a kan yi wa kai hisabi, wani kuma a kan tafakkuri. 'Yan'uwanmu Tijjanawa suna da lazimi safe da yamma, istigfari 100, salati 100, hailala 100. Ƙadirawa suna da nasu wuridin. Wanda kuma ba ya bin ɗariƙa yana da azkar na safe da maraice, da karatun Alƙur'ani da tadabburi. Mun daɗe muna jayayya a kan wanne ne daidai a cikin waɗannan, kuma ba wannan shafi ne zai raba gardamar ba. Abin da nake nunawa shi ne babu ɓangaren da ya ce a zauna da zuciya a warwatse.

Tarihin ƙasarmu ma ya ba mu misali wanda ya kamata kowane ma'aikaci ya riƙe. Wajen shekarar 1807, jihadi yana kan ganiyarsa, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya duba jama'ar da yake yaƙi tare da su, ya ga niyyar da yawa ta karkata zuwa neman mulki da dukiya da dawaki. Sai ya bar runduna ya nufi gabas da nufin zuwa Makka. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, ya zauna ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki da adalci, kafin ya koma. Mutum ne wanda nasara tana hannunsa, amma ya ga nasarar da niyyarta ta ɓaci ba ta da amfani. Mu jikokin wannan tarihi, yau mun mayar da niyya 'yan kalmomin da ake furtawa da sauri kafin kabbara, halwa kuma mun bar wa masu neman asirin kasuwa da na mallaka.

Akwai suka ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi. Wani zai ce, "Kana yi mana wa'azin niyya, alhali aji ɗaya ɗalibi ɗari, babu wuta, babu littattafai, albashi ba ya kai tsakiyar wata. Wannan ai ɗora wa talaka laifin shugabanni ne." Na yarda da rabin wannan magana. Niyya ba ta gina aji, tafakkuri ba ya biyan albashi, kuma duk mai gaya maka cewa in ka ƙudurta abu da ƙarfi a zuciyarka duniya za ta kawo maka shi, ɗan'uwan mai zobe ne, ko da ya sa kwat ya yi Turanci. Binciken likitoci ma bai ce haka ba. Herbert Benson na Jami'ar Harvard, wanda ya auna masu irin wannan zama ya kuma wallafa littafinsa a 1975, abin da ya gano shi ne numfashi yana lafawa, bugun zuciya yana raguwa, jiki yana samun natsuwa, kuma ya nuna cewa mutum yana iya samun haka da addu'ar addininsa. Iyakar abin ke nan: natsuwa. Amma wa zai raina natsuwa? Manomin Gwiwa ya san niyyarsa ba ta saukar da ruwan sama, amma ya san wanda bai yi sharar gona ya kai taki da bazara ba, ko damina ta yi albarka ba shi da rabo. Su kuma shugabannin da muke kuka da su, jiya ɗalibai ne kamarmu, a kan waɗannan kujeru suka zauna. In muka fita da zuciya irin tasu, wadda ba ta taɓa tsayawa ta tambayi kanta dalilin neman takarda ba, to, masu zuwa bayanmu haka za su yi kuka da mu.

Ƙasarmu ta samu abin da kakanninmu ba su yi mafarkinsa ba. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Ɓaɓura wadda Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa ta a 2021. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Injiniya ba ya fitowa daga gini, yana fitowa ne daga yaron da ya iya zama sa'a biyu a kan matsala ɗaya ta lissafi ba tare da hannunsa ya tafi aljihu ba. Wannan baiwa ce muke asararta. Mu faɗa wa juna gaskiya: nawa ne a cikinmu za su iya karanta shafi goma a jere ba su duba waya ba? Nawa ne suke idar da salla suna sane da surar da liman ya karanta? Arjuna ya yi kukan zuciya mai kama da iska tun babu intanet. Mu kuwa mun sayi iskar da kuɗinmu mun sa ta a aljihu. Majalisar Ɗinkin Duniya, a Disamban 2014, ta ware 21 ga Yuni ta zama ranar yoga ta duniya, domin Indiya ta ɗauki abin gadonta da daraja ta kai shi gaban duniya. Mu namu gadon mun bar shi a kan shantali, ƙura tana rufe shi.

Saboda haka ina ba da shawara huɗu, waɗanda ba sa bukatar a sayar da akuyar kowa. Ta farko, a farkon kowane zangon karatu, ɗalibi ya ɗauki takarda ya rubuta abin da zai yi, da lokacin da zai yi shi, da dalilin da ya sa yake neman wannan ilmi, ya ajiye inda zai riƙa gani. In dalilin da ya fito kujera ce da mota kawai, to, ya san akwai gyara. Ta biyu, mu riƙe rabin sa'ar da ke bayan sallar asuba, waya a kashe, a yi zikiri ko karatun Alƙur'ani da lura, sa'an nan a buɗe littafin da ya fi wuya tun hankali bai watse ba. Makon farko zai yi nauyi, zuciya za ta yi ta gudu, a riƙa komo da ita ba tare da fushi ba, gama mai haƙuri shi kan dafa dutse. Ta uku, ƙungiyarmu ta ɗalibai, wadda ta iya shirya bukukuwa da gangami, ta nemi hukuma ta ware ɗaki guda a kowane masauki wanda ba a magana a cikinsa, ba a shiga da waya a kunne, kuma mu da kanmu mu tsare dokarsa. Ta huɗu, ga ɗan'uwana ma'aikaci: kafin ka buɗe fayil na farko da safe, ka tsaya minti ɗaya ka tuna cewa a bayan takardar nan akwai mutum, watakila tsohon da ya taso daga ƙauyen Ɓaɓura tun da duku-duku ya biya kuɗin mota da kuɗin gerinsa. Ka ƙudurta cewa ba zai koma ya sake dawowa saboda kai ba. Da dare kuma ka tambayi kanka ko ka cika.

Ƙanena ya sake zama jarrabawa. A wannan karo na sa shi ya rubuta alkawarinsa da hannunsa ya manna a bangon ɗaki, kuma kullum bayan asuba yana zaune da littafin lissafi har hantsi ya dubi ludayi. Sakamako yana hannun Allah, amma ko yaya ya fito, yaron ya riga ya sami abin da babu mai ƙwace masa. Zoben kuwa yana nan a cikin kwanon mahaifiyarsa, ta ce a bar mata shi, domin shi kaɗai ne abin da ya rage mata na akuyarta.

Allah ya gyara mana niyyoyinmu, ya ba mu natsuwar zuciya da ilmi mai amfani, amin. Haza wassalamu.